Likitan Ƙaiƙayi, Surajo Ɗan Hamman

Ranar Talata, huɗu ga watan Nuwamba na shekarar 1958, ina tsaye a ƙofar makarantar elementare ta Kiru ina sallamar yara, sai ga wani mai keke daga Kwanar Dangora. Bai ko sauka ba, ya ce da ni Likita Surajo ɗan Hamman ya rasu. Ya ce a bakin hanya ya cika, a gindin wata ɗorawa, ana ƙoƙarin tsayar masa da motar da za ta kai shi asibitin birni. Mu dai na Allah ne, kuma wurinSa kowa ya dosa, da mai sauri da mai jan ƙafa. Allah Ya jiƙanka, Surajo.

Na yi makonni ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Ba rashin abin faɗa ya hana ni ba. An saba yin ta'aziyya da taushin murya, ni kuwa raina a ɓace yake, na yi ta jira ko zai huce, bai huce ba. To, ga shi na rubuta haka nan. Ni ne Sale, malamin makaranta, wanda kuka raba tabarma ɗaya da shi a makarantar midil, kuma wanda ka bari da nauyin da bai taɓa zaton zai ɗauka shi kaɗai ba.

Mutane da yawa da suka zo zaman makokinka ba su san inda ka fito ba, don haka bari in faɗa musu. A ruga aka haife ka, a gefen dajin Ɗansoshiya. Shekarar da aka ce kowane gari ya ba da yaran makaranta, masu gari suka ɓoye nasu, aka laluba ruga aka kamo ɗan Hamman yana bin maruƙa. Haka ka shigo aji da warin nono a rigarka, muna yi maka dariya, kafin shekara ta zagayo kai ne kake gyara mana lissafi. Da yake ruga ba ta zama wuri ɗaya, idan an yi hutu gidanmu kake sauka, mahaifiyata Iya Kande ta riƙe ka kamar ɗan cikinta.

A wani hutu irin wannan ne, da kaka, ƙanena Bala ya mutu muna kallo. Fuka gare shi, wadda likitoci ke kira asma, ba tarin nan mai ramar da mutum ba, irin wadda ke shaƙe ƙirjin yaro har ka ji numfashinsa yana fito. Ran nan matan unguwa sun taru a tsakar gidanmu ana gayyar sussukar sabon gero, ƙaiƙayi ya turnuƙe ko'ina. Abin ya tashi masa da hantsi. Iya ta yi abin da kowace uwa ta sani: ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa sassaƙe da saiwoyi, ta lulluɓe shi da zane don ya shaƙi hayaƙin. Kafin azahar an yi masa wanka. Da muka dawo daga maƙabarta ka ce da ni, "Sale, a rugarmu ban taɓa jin yaro yana numfashi haka ba. Me ke garinku da babu a wurinmu?" A lokacin na ɗauka maganar yara ce. Ashe tambayar da za ta cinye maka rayuwa ke nan.

Ka tafi Ikko karatun likita, ka daɗe har muka fara cire rai. Da ka dawo aka ba ka wuri a babban asibiti, da gida da fanka, ka ce a'a, a mai da kai kudancin Kano. Waɗanda suka ji sun ce Bafulatani dai ba ya rabuwa da daji. Ka sami wani tsohon babur mai tari kamar masu ciwon da kake bi, ka riƙa zagaya Bebeji da Kiru da Tudun Wada har Doguwa. Aikin da aka ɗora maka kana yin sa, gyambo da zazzaɓi da cizon maciji, amma duk garin da ka sauka sai ka tambaya a nuna maka yaran da ƙirjinsu ke fito. Kakan zauna da iyaye ka yi ta tambaya kamar alƙali: a wane wata abin yake tashi, me ake yi a gidan ran da ya tashi, ina yaron yake kwana, da me ake shimfiɗa masa.

Daga nan ka fara abin da ya jawo maka suna. Likita guda, da farar riga, sai a gan ka durƙushe a bakin masussuka kana tara ƙaiƙayin gero da na maiwa da na dawa a kwalabe, kana roƙon masu gida su bar ka ka tsaya inda mata ke shiƙa don ka ga inda iska ke kai shi. 'Yan zaman kashe wando a tashar mota suka sa maka Likitan Ƙaiƙayi. Manya suka karɓa, har a ofis haka ake kiranka idan ka ba da baya. Kai kuwa da ka ji sai ka ce sunan ya yi, aƙalla sun san abin da kake nema.

Ba zan manta da gwajin fata ba. Ka jiƙa ƙaiƙayi a ruwa, da gashin kyanwa, da ƙurar harawa, da garin gyaɗa, kowanne kwalbarsa, sai ka ɗan karce hannun yaro ka ɗiga. Abin da jikinsa ya ƙi, nan take wurin zai tashi kamar borin jini. A Bebeji mata suka ɗebe 'ya'yansu da gudu, wai ka zo yi musu tsagar Fulani ka mai da su naku. Sai ka naɗe hannun riga a bainar jama'a ka karce naka, sannan ka cafke nawa ba tare da ka tambaye ni ba. Nawa ya kumbura a kan gashin kyanwa, ka ɗaga shi sama kana nuna wa mutane, kana cewa ga malamin makaranta guda kyanwa ta fi ƙarfinsa. Dariyar da aka yi mini ce ta dawo da matan.

Takardarka ta farko ta fito a wata mujallar likitoci ta ƙasar waje a 1951. Ka kawo mini ita har gida, ka buɗe mini shafin. A ciki ka nuna cewa fukar yaran ƙasarmu tana da lokaci, kuma lokacinta shi ne kaka, sa'ad da kowane gida ke sussukar hatsi mai yawa a tsakar gida, da goyo a baya da masu rarrafe a ƙasa. Bayan shekara biyu wata ta biyo, a kan gwajin fata, inda ƙaiƙayi ya fi kowane abu tayar wa yara. Wasiƙu suka riƙa zuwa daga likitocin da ba su taɓa ganin zangarniyar gero ba, suna yabo suna tambaya. A nan gida kuwa, da ka kai wa manyanka, aka ce da kai aiki ya yi kyau, amma fuka ba annoba ba ce, ana fama da agana da sanƙarau. Ka ce musu gaskiya ne ba ta share gari, ɗauki ɗai-ɗai take yi, shi ya sa ba mai ƙirga ta. Aka yi murmushi aka ba ka shayi.

Ta ukun ce ta jawo maka gaba. Ka rubuta cewa turaren hayaƙin da ake lulluɓe yaro da shi ba ya buɗe ƙirji, ƙara toshe shi yake yi, kuma da yawan yaran da aka ce fuka ta kashe, a ƙarƙashin zane suka ƙarasa. Ba ka tsaya ga Turanci ba, ka riƙa faɗa a kasuwa da ƙofar masallaci. Masu sayar da sassaƙe suka ce ka zo kashe musu sana'a. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne tsofaffin mata, don kowacce tana da ɗan da ta binne, kuma maganarka tana nufin da hannunta ta hura garwashin. Wace uwa ce za ta yarda da wannan? Ka san da haka, shi ya sa ko sau ɗaya ba ka taɓa ambaton Bala a gaban Iya ba. Ita har yau abin da ta riƙe shi ne an makara ne da turaren, da an fara tun da safe da ya tashi.

Mun zauna da kai mun juya takardun nan zuwa Hausa, gajeru, da boko da ajami, don a buga a raba wa dagatai da limamai. A ofishin manyanka aka karɓa aka ce a dakata. Yau shekara nawa ana dakatawa. Likitan da ke ƙetaren teku ya san abin da ke shaƙe ɗan Doguwa, uwar yaron ba ta sani ba.

Maganin da ka gano ba ya buƙatar kwalba. Ka ce yaron da ƙaiƙayi ke tayar wa, a fitar da shi daga gari kafin a fara babbar sussuka, a kai shi ruga, inda hatsin da ake sussukawa bai wuce na tukunyar yini ba, kuma iska a buɗe take. Idan an gama an share, a dawo da shi. Yayanka Buba da mahaifiyarku Inna suka buɗe rugarsu, suka ce a kawo ko nawa ne, nono bai ƙare ba. Wannan ita ce takardarka ta huɗu, kuma a cikinta yaran da aka kai ba wanda ya rasu. Amma yaran kaɗan ne, kuma ka san dalili. A garuruwanmu, mutum ya fitar da ɗansa daga gida a daidai lokacin da rumbu ke cika, ya kai wa Fulani su ciyar, wannan abin kunya ne. Sai a ce gidansa yunwa ake yi, ko a ce ya kasa riƙon iyali. Na ji magidanci da kunnena yana ce maka gara abin da Allah Ya ƙaddara ya faru a ɗakinsa da a yi da shi a dandali.

Yanzu na zo kan abin da ya fi ci mini rai, kuma kai kaɗai ka san tushensa.

Akwai yarinya a gidanmu, 'yar farina. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari. Ni da uwarta ba ma kiran sunanta, ba ma ɗaukarta a gaban manya, ba ma nuna mun san tana ciwo. Tun da aka yaye ta aka miƙa wa Iya, ita ke da ita, ita ke yanke abin da za a yi mata. Tana shekara huɗu, da kaka, ƙirjinta ya fara fito irin na Bala. Ina zaure na jiyo, na kuma jiyo ƙarar kasko. Ba ni da bakin shiga in ce a bari, abin da al'ada ta bar mini shi ne ƙafa, sai na hau keke na nemo ka.

Har yanzu ina ganin shigarka gidan. Ba ka shiga da fuskar likita ba. Ka san mahaifin Iya mutumin Barno ne, ka kuma san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, wanda kowa ke ce wa ɗan'uwansa bawa kuma ba a fushi. Tun daga soro ka ɗaga murya.

"Ina baiwar nan tawa Babarbariya? An ce kin sami sabuwar sana'a, kina ƙyafe yara kamar kifi."

Iya tana hawaye, amma bakinta bai mutu ba. Ta ce, "Kai tafi can, ɗan daji. Yaushe bawa ya fara shigo wa uwargijiyarsa ba sallama?"

Kana zolayarta kana janye zanen, ka ture kaskon da ƙafa kamar ba da gangan ba, ka fito da yarinyar iska ka yi mata allurar da ke buɗe ƙirji. Da numfashinta ya daidaita sai ka saɓa ta a kafaɗa, ka ce wannan ganima ce, ka kama, sai an gama sussuka za a zo fansa. Iya ta biyo ka har ƙofar gida tana cewa, "Jama'a ku tare shi, satar shanu ta ƙare ya koma satar mutane!" Unguwa ta fito tana dariya. Ba wanda ya ce Malam Sale ya kasa ciyar da 'yarsa. Abin da aka ce shi ne Bafulatani ya sace jikar Kande.

Haka ka yi ta yi kowace kaka. Da an fara ɗaure dammuna sai a ji tarin babur ɗinka, Iya ta ɓoye yarinyar a bayan randa inda ta san za ka gani, a yi ta cacar baki, ka tafi da ita. Bayan an share masussuka ka dawo da ita ta yi kumatu, da ƙwaryar man shanu daga Inna, ka ce ka gaji da ciyar da jikar bayi. Iya ba ta taɓa cewa ta yarda da maganarka a kan turare ba, kai ma ba ka taɓa neman ta ce ba. Ka sama mata hanyar da za ta saki yarinyar ba tare da ta ce ta yi kuskure a kan Bala ba, ka sama mini hanyar da 'yata za ta rayu ba tare da na buɗe baki ba. Wannan ba ya cikin takardunka, kuma a wurina ya fi su duka.

Abin da ba ka faɗa wa kowa ba sai da ya gagara ɓoyuwa shi ne kai ma abin ya kama ka. Shekara da shekaru kana tsaye a masussukai kana shaƙa, ƙirjin da ya tashi a iskar daji ya fara fito. Matarka Asma'u ta roƙe ka ka bar zagayen kaka. Ka ce da ita kaka ce lokacin aikin, ka bar shi ka yi me? Bana allurar ta ƙare maka tun damina. Ka rubuta neman ƙari, ka sake rubutawa, aka ce ana dubawa.

Buba ya ba ni labarin ranar, da ƙyar, don ka san shi ba mai magana ba ne. Kun haɗu a wani ƙauye kusa da Kwanar Dangora, ka tsaya duba wani yaro a gidan da ake bugun dawa, abin ya tashi maka a nan. Shi da mutanen gidan suka ɗauko ka zuwa bakin hanya. Lokacin cinikin gyaɗa ne, motoci suna ta wucewa zuwa Kano, kowacce an yi mata lodi har sama. Buba ya tsaya a tsakiyar hanya yana ɗaga malafarsa, direbobi suna kauce masa suna zagi, sun ɗauka Bafulatani ne yake son a ɗora masa maraƙi. Kana jingine da ɗorawa kana kallonsu, ka san sunan abin da ke kashe ka da Turanci da Hausa, ka san allurar da za ta tashe ka. Motar da ta tsaya daga ƙarshe ta tarar an rufe maka fuska. Direban mutumin kirki ne, ya ce zai kai gawa duk inda ake so.

Ranar sadakar uku sai ga manya daga birni a ƙaramar mota, ta wannan hanyar dai. Suka zauna a kan tabarmar Buba suna gyara riguna. Wanda ya ba ka shayi ya ce Arewa ta yi rashin ɗa wanda ya ɗaga sunanta a ƙasashen waje. Wani ya karanta wayar tangaraho da aka bugo daga can. Waɗanda suka riƙa kiranka Likitan Ƙaiƙayi a bayan idonka su ne a sahun gaba, suna girgiza kai suna cewa ba za a sake irinka ba. Ba wanda ya ambaci allura. Ba wanda ya tambayi Inna yara nawa ke zuwa rugar bana. Na zauna ina jan carbi don kada bakina ya buɗe, Allah Ya yafe mini abin da na riƙa faɗa a zuci.

Iya ta yi kukanka da gaske, kada ka yi shakka. Kwana ta yi ba ta ci ba, tana cewa yanzu wa zai ƙara kiranta baiwa. Amma da aka fara shigo da maiwa, sai ta ce bana yarinyar ba inda za ta, wasa ya mutu da mai shi. Buba ya zo da kansa don ya tafi da ita. Sai dai Buba ba kai ba ne, kunyarsa ta fi tawa, ga shi cikin makoki, ba ya iya ce wa tsohuwa baiwa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta yi masa ta'aziyya, ya tashi ya tafi hannu wofi. Bayan fitarsa na ji tana ce wa maƙwabciya, "Shi da ya hana turaren, ga shi abin ya tafi da shi a bakin hanya. Da a gida ne aka lulluɓe shi, wa ya sani?" Ka ji abin da mutuwarka ta zama, Surajo. Ta zama hujja a kanka. Ran kasuwa ta aika aka sayo mata sassaƙe.

Ranar gayyar sussukarmu ta zo. Da hantsi tsakar gida ta cika da mata, taɓare suna lugude, ƙaiƙayi ya fara tashi. Ina zaure a inda na tsaya shekarun baya, sai na jiyo fiton nan siriri daga ƙofar ɗakin Iya. Na saurara ko zan ji tarin babur, ni da na sa hannu aka binne ka. Da na tabbata babu mai zuwa, sai na shiga. Namiji ba ya ratsa gayyar mata, na ratsa. Na tsaya a tsakiyarsu na kira 'yata da sunanta, da ƙarfi, karo na farko tun ranar da liman ya raɗa mata shi.

"Turai, ɗauko mayafinki. Ruga za mu."

Taɓare suka tsaya. Uwarta ta rufe fuska ta shige ɗaki. Ita kanta yarinyar sai da ta waiwaya ta ga ko da wata nake, don ba ta taɓa jin sunan a bakina ba. Iya ta miƙe da kasko a hannu.

"Sale, a gabana? A gaban mutane?"

Na durƙusa na ce, "Iya, ki gafarce ni. Na ga na Bala, ba zan ga na wannan ba."

Ban san sunan Bala zai fito ba. Abin da ka yi shekaru kana kewayewa don kada ka taɓa mata shi, ni na taka shi da jumla ɗaya a gaban matan unguwa. Ta ajiye kaskon a hankali. Na ɗora Turai a keke muka kama hanyar Ɗansoshiya, tana riƙe da rigata, ina jin fiton yana raguwa muna nisa da gari.

Yanzu a Kiru ana cewa boko ya cinye wa Malam Sale kunya, ya kira 'yar fari a bainar jama'a, ya kai ta ruga rumbunsa cike. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne Iya. Kullum da safe ina durƙusawa a ƙofar ɗakinta in gaishe ta, ina jin motsinta a ciki, ba ta amsawa. Kai kakan tafi da yarinyar a bar ka da dariya da rakiya har ƙofa. Ni na yi sau ɗaya, na rasa gaisuwar uwata. Da an buga 'yan takardun nan da muka juya, da liman ya karanta a masallaci, da wataƙila maganar ta zo mata daga bakin da ba na ɗanta ba.

Shekaranjiya ta aiko maƙwabciya da ƙunshi, ta ce a kai wa yarinyar, ba ta ce in ji wa ba. Na kai ruga muka kwance da Inna. Sabon zane ne, da ƙuli-ƙulin da Turai ke so, a can ƙasa kuma an ɗaure sassaƙen turare a tsumma, an ƙulle shi da kyau yadda ba zai zube ba. Inna ta dube ni, na dube ta. Muka ba yarinyar zanen da ƙuli-ƙulin. Tana can tana bin maruƙa da gudu, ƙirjinta shiru. Ta tambaye ni yaushe ɓarawonta zai zo ya mai da ita gida, na ce mata bana ni zan zo.

Ya Allah, ga bawanKa Surajo ɗan Hamman ya zo maKa. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba shi iskar Aljanna ya shaƙa ba wahala, shi da ya ƙare kwanakinsa yana nema wa 'ya'yan mutane numfashi. Ka sa kowane yaron da ya tashi ta hannunsa ya zama masa haske. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda aka ƙwace wa ɗa yana ƙarami aka dawo mata da shi a makara, da Asma'u da 'ya'yanta, da Buba da dukan mutanen ruga. Allah Ya ba ku haƙurin da ni na kasa samu. Waɗanda suka ce a dakata, Allah Ya nuna musu abin da dakatawar ta ci tun suna da sauran lokaci.

Allah Ya sanyaya zuciyar Iya Kande, Ya sa in ji ta amsa gaisuwata kafin ɗayanmu ya bi ka. Allah Ya raya Turai. Ka ga na rubuta sunan ma, Surajo, tunda ba ka nan balle ka kira mini shi.

Sale, malamin elementare, Kiru.